Hajja Mu'mina da Shayin da Na Dafa Mata

Ranar Talata, goma ga Fabrairun 2015, da hantsi, Allah ya karɓi ran Hajja Mu'mina Mikail ta unguwar Lamisula, tsohuwar shugabar makarantar firamare, bayan kwana biyu a asibiti ba ta san wanda ke kanta ba. Shekarunta sittin da huɗu. Ta bar ɗa guda, Garzali, da jikoki biyar, da mu mutum ashirin da uku da muke zaune a gidanta ba dangin iya ba na baba. Ni ce Rebeka Manasse, malamar makaranta daga ƙasar Gwoza. Kirista ce ni, ita Musulma, kuma ban taɓa yin rashi irin wannan ba tun rasuwar mahaifiyata.

Hajja, a ƙarƙashinki na yi koyon aikin koyarwa shekara goma sha tara da suka wuce. Daga nan zumuncinmu bai wuce gaisuwar Sallah da ta Kirsimeti ba. Amma da garinmu ya faɗa hannun 'yan bindiga a watan Agustan bara, na iso Maiduguri da 'ya'yana mata biyu, ƙafafunmu a kumbure, mijina Caleb kuma ban san inda yake ba, ƙofarki kaɗai na tuna. Kin dube mu daga sama har ƙasa, ba ki yi mana tambaya ko ɗaya ba. Kika ce a ɗora ruwan wanka, a ƙara burabusko a tukunya. Sai da muka kwana uku kika bari na ba ki labari.

Kafin Sallar layya gidan ya cika. Kin bar wa wasu mata huɗu ɗakinki kin koma na ajiya. Yaran da makarantunsu suka zama sansanin gudun hijira kika tara su a gindin darbejiyar tsakar gida, ke lissafi, ni Turanci, da gawayi a jikin bango. Ranar Lahadi kuwa ke kike tashinmu. Kikan ce mu yi sauri mai keke Napep na jira, kuma ba kya karyawa sai kin ga mun dawo daga coci, don a lokacin wanda ya fita ba shi da tabbacin dawowa.

Kowa a gidan ya san kina da ciwon zuciya. Shekara takwas da suka wuce aka yi miki aiki a Khartoum, aka sa miki ƙarfe a madadin wata ƙofar zuciyar da ta lalace. Tun daga nan kike shan ƙwayar tsinka jini kullum da la'asar, don kada jini ya daskare a jikin ƙarfen. Kowane wata kina zuwa asibiti a auna jinin, a ga ko a ƙara ƙwayar ko a rage. Malam Pindar, mai ba da magani a can, ya sha gaya miki kada ki haɗa ta da komai, na kanti ko na gargajiya, sai kin tambaye shi. Kin riƙe maganar. Shi ya sa ko da gwiwoyinki suka hana ki tsayuwar salla, ba ki taɓa maganin ciwon jiki ba. A kan kujera kike salla, abin kuma yana ci miki rai.

A nan ne na shigo cikin labarin, kuma ba zan ɓoye ba.

Ina cin abincinki, ina kwana a gidanki, ba ni da abin da zan ba ki. Sai na tuna abin da mahaifiyata take sha don ciwon gwiwa. Na sayo hulba da citta da kurkum da tafarnuwa, na haɗa da wani gari da mai kayan gargajiya a unguwar Hausari ya ce shi ne na sanyin ƙashi, ban ko tambayi abin da ke cikinsa ba. Na dafa na kawo miki. Kika riƙe kofin kika ce, "Rebeka, wannan ba magani ba ne ko? An hana ni."

Na ce, "A'a Hajja, shayi ne kawai. Kayan miya ne duk."

Na faɗa da zuciya ɗaya, kika sha da zuciya ɗaya. Kofi biyu kullum, mai kauri, tun tsakiyar Nuwamba. Bayan mako uku kika yi sallar azahar a tsaye, kika kira ni kika sa mini albarka a gaban kowa.

Da kin je awon Disamba, da an gani. Amma bam ya tashi a Kasuwar Monday sau biyu cikin mako guda, Garzali ya bugo waya daga Kano yana roƙon kada ki leƙa ko ƙofar gida. Ya so ya ɗauke ki gaba ɗaya, sai dai filin jirgi a rufe yake ga farar hula, hanyar Damaturu ita kaɗai ta rage, ita ma mutane na barin wasiyya kafin su hau ta. Ke kuma kika ce ba za ki bar mu ba. A Janairu kin shirya zuwa, aka kawo wa garin hari, aka sa dokar hana fita. Da aka sassauta, aka sake kawo wani. Muna zaune muna jin ƙarar manyan bindigogi daga bayan gari, ba gaba ba baya. Wata biyu ba awo.

Alamu sun zo, ba mu san su ba ne. Asuwakinki ya riƙa fitowa da jini. Tabo baƙi-baƙi suka fito miki a hannu ba tare da kin bugu da komai ba. Kika ce tsufa ne. Ni kuma da na ga kin yi laushi, sai na ƙara wa shayin ƙarfi.

Ranar Lahadi da safe kika ce kanki kamar zai tsage. Kafin mu gama shiri harshenki ya karye. Tafiyar da ba ta fi minti ashirin ba ta ci mana fiye da awa, don a kowane shinge sai an sauke mu mun ɗaga hannu, ke kina kwance a keke. Da sakamakon awo ya fito, Malam Pindar ya ja ni gefe ya ce jininki ya tsinke fiye da kima, ya zuba a cikin kai. Ya tambaye ni ko kin ninka ƙwayar, na ce a'a. Ko kin sha wani magani, na ce a'a. Sai ya ce in lissafa masa duk abin da ke shiga bakinki daga safe zuwa dare. Da na zo kan shayin sai ya tsayar da ni.

Ya yi mini bayani a hankali. Ɗan abin da ake sawa a miya daban, dafa su da yawa a sha kullum daban. Wasu daga cikinsu suna iya ƙara wa wannan ƙwaya ƙarfi, garin nan kuwa ba wanda ya san abin da ke ciki. Ya ce ba zai rantse shayin ne shi kaɗai ba, rashin awon ma da nasa. Na san tausayina ya ji. Ni na san hannun da ya miƙa kofin.

Garzali ya biyo hanyar Damaturu, ya iso an riga an kai ki. Ranar sadakar uku na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai, kayanmu a ɗaure, ko da yake ban san inda za mu nufa ba. Ya yi kuka sosai. Sannan ya ce, "Anti, kwananta ne ya ƙare. Ni ma na hana ta zuwa asibiti. Ki kwance kayan nan. Ta ce mini ko bayan ranta kada a tashi kowa."

To ga ni nan, Hajja. Garinmu ba ya shiguwa, har yau ba labarin Caleb, kuma a gidanki nake kwana ina tashi. Da ya kore ni, ina jin da ya fi mini sauƙi. Abin da na iya kawai shi ne na bi Malam Pindar zuwa sansanoni biyu. A can na ga tsofaffi masu hawan jini da ciwon suga, ƙwayar asibiti a hannu ɗaya, jiƙo a ɗayan, domin ƙwayar takan yanke, jiƙon ba ya yankewa. Ba na ce musu na gargajiya ba shi da amfani. Ina ce musu duk abin da suke sha, ko sun kira shi shayi, su faɗa wa mai ba su magani. Sai in ba su labarinki, da nawa.

Allah ya jiƙanki, Hajja Mu'mina. Ya yafe miki kurakuranki, ya yalwata miki makwanci kamar yadda kika yalwata mana gidanki, ya ba ki Aljannar da kika yi ta roƙonsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Garzali da iyalinsa, da ƙannenki na unguwar Fezzan, da tsofaffin ɗalibanki, da mutanen Lamisula baki ɗaya. Allah ya ba su haƙuri, ya buɗe wa garin nan hanyoyinsa. Su sun yafe mini. Wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a, ni ban kai ga yafe wa kaina ba tukuna.

Rebeka Manasse
Lamisula, Maiduguri