Inna Muanacha, Wadda Ba Ta Taɓa Sauke Tukunya Kan Lokaci Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Yuli, Allah ya karɓi ran Inna Muanacha Abacar a gidanta da ke unguwar Makuti, nan Tsibirin Mozambik, bayan jinyar kwana huɗu. An yi mata sutura bayan la'asar. Ta bar 'ya ɗaya, Atija, da jikoki uku.

Tun daga ranar saƙonnin ta'aziyya suke shigowa wayata, daga Maputo, daga Lisbon, daga garuruwan da ban ma san inda suke ba, kuma kusan kowa "mai gidan abincin nan" yake kiran ta. Bari in gyara wannan kuskure tun kafin ya zama tarihi. Inna ba ta taɓa buɗe gidan abinci ba. Gidan abinci yana da allo a ƙofa, yana da lokacin buɗewa, kuma in ka zauna a kawo maka abin da ka nema. Ita abin da take da shi tsakar gida ne, da tabarmi uku, da murhu, da taurin kan da in aka raba wa mutanen tsibirin nan kaf sai ya yi saura.

Ni malamin tarihi ne a sakandare, kuma shekara tara ke nan ina koya wa ɗalibaina na ajin ƙarshe jagorancin baƙi masu yawon buɗe ido. Tsarinmu a rubuce yake: ƙarfe tara ganuwa, goma da rabi ƙaramar cocin da ke bayanta, sha ɗaya tsohuwar fadar gwamna, sha biyu da rabi abinci a gidan Inna. Komai yakan tafi daidai har zuwa wannan layi na ƙarshe.

Inna, a shekara taran nan ban tuna rana ɗaya da kika sauke tukunya sha biyu da rabi ba. Sai in shigo da baƙi goma, rana ta gasa su, yunwa ta ci su, in tarar ko wuta ba ki hura ba. In na nuna miki agogo ki ce, "Malam Amisse, ka je ka nuna wa teku. In ya janye sai in tsinko ganye. Ko so kake in dafa musu tsarin naka?" Ganyen siri-siri, ɗan tsiron nan na bakin teku da kike miyarki da shi, ba kya yarda ya kwana, ba kya kuma sayen na kasuwa. Sai ruwa ya ja baya kike shiga bakin gaɓa ki tsinko da hannunki. Teku kuwa bai taɓa halartar taron ƙungiyarmu ta masu jagorancin baƙi ba.

Ba a nan kika tsaya ba. Baƙon da ya ƙetare gada ya shigo tsibirin don ya huta, sai ki miƙa masa taɓarya ya daka kashu. Na roƙe ki, na yi miki bayani cewa waɗannan mutane ba aiki suka zo nema ba. Kika ce wanda bai ji nauyin taɓarya ba ba zai ji daɗin miya ba. Akwai wani dattijo daga Lisbon da ya ɗanɗana miyar jiya da kika ɗumama, ya lumshe ido ya ce ai kakanninsa ne suka koya mana wannan girki. Na fassara miki ina tauna kalmomin don kada rai ya ɓaci. Sai kika jawo kujerar kankare kwakwa, kika aje masa kwakwa biyu.

"Faɗa masa tunda gadon gidansu ne, bismillah."

Bawan Allah ya hau kujerar ta baya, ya kankare yatsunsa fiye da kwakwar. Ke kika wanke masa ciwon, kika ɗaure da tsumma mai tsabta, kika zuba masa ƙaguwa mafi girma a tukunyar. Na kwana uku ina jiran takardar ƙorafi. Abin da ya zo shi ne hotonki da ya sa a firam. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi da ke: duk abin da na hana ki, in kin yi sai ya yi kyau.

Ban manta da alherinki ga yarana ba, ko da yake ba kya son a kira shi alheri. Da yawansu daga ƙetaren gada suke tahowa ba su karya ba, kuma kin fi ni saurin gane su. Ba ki taɓa ce wa ɗaya "zo ka ci" a gaban baƙi ba. Sai ki ce, "Kai, zo ka ji mini gishirin nan, harshena ya tsufa." Ki cika masa kwano da shinkafar kwakwa. In ya cinye ki ce ba ki gamsu ba, ya sake ji. Ancha, wadda yanzu ita ce shugabar ƙungiyar, ta gaya mini shekara guda cur ta yi tana jin gishiri kafin ta gane abin da ake ciki.

Amma babbar rigimarmu a kan littafina ce. Na ce miki girki irin wannan bai kamata ya zauna a kan mutum ɗaya ba, a rubuta shi yara su gada. Na sayi littafi mai bango mai kauri, na zauna kusa da murhu.

"Inna, kashu gwangwani nawa?"

"Har ya isa."

"Ganyen minti nawa yake a wuta?"

"Har ya daina gardama."

"Inna, don Allah. Ruwan kwakwar fa, yaushe ake zubawa?"

"In tukunya ta nema. Malam, duk karatun nan naka ba a koya maka jin maganar tukunya ba?"

Shekara tara, shafi ɗaya da rabi na samu, rabinsa ma zagi ne. Kuma duk sanda na matsa, amsarki ɗaya ce: "Cire takalmin nan ka biyo ni bakin ruwa." Ni kuwa ga farar riga, ga baƙi suna jira, ga ajin ƙarfe biyu. Nakan ce wani satin. Kika ce mini wata rana, "Yaran nan suna gamawa Nampula za su tafi. Kai ne kake nan daram kamar ganuwa, ba ka zuwa ko'ina." Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce irin taki.

Bayan addu'ar uku Atija ta kira ni gefe. Ma'aikaciyar jinya ce a Nampula, hutun sati uku aka ba ta, kuma ba ta iya miyar ba, don tun tana ƙarama ta bar tsibirin. Ta ce wani mutum yana son gidan ya mai da shi masaukin baƙi. Ta ce, "Malam, ba na son in rufe ƙofar Inna. Amma ba zan bar a riƙa sayar wa mutane ruwan ganye da sunanta ba. In kun iya miyarta kafin in koma, tsakar gidan naku ne. In ba ku iya ba, ku yafe ni."

Na koma gida na buɗe shafi ɗaya da rabin nan, na ji kamar in yi kuka don takaici. Ancha ce ta ce a tara tsofaffin 'yan ƙungiya. Ranar addu'ar bakwai mutum goma sha ɗaya suka zo, wasu da aurensu, wasu da 'ya'ya a baya. A nan na ga abin da kika yi shekara da shekaru a gaban idona ban gani ba. Ussene, wanda yake tuƙa babur yanzu, ya san daidai laushin da kashu yake yi kafin ki ce a tsaya, don shi kike sawa ya sa ido in baƙi suna daka. Ancha ta san tatsar kwakwa ta farko da ta biyu, da wadda ake fara zubawa. Wata ta san sau nawa ake zubar da ruwan tafasar ganye don gishirin teku ya fita. Wani ya san itacen da kike ƙi. Kowa kin ba shi abu ɗaya, kin maimaita masa har ya zauna a hannunsa. Na tsaya da littafina kamar mai gadin makaranta ranar hutu.

Aka dafa. Ƙamshi ya tashi har maƙwabta suka leƙo. Atija ta kai cokali baki, ta tauna, ta tauna, ta juya ta tofar a bayan murhu. Ganyen ya yi zare, ga ɗaci a ƙarshen harshe. Ussene ya ce shi dai a kasuwa ya sayo, don ba wanda ya san inda kike tsinka. Muka dubi juna. Mutum goma sha ɗaya, ba wanda kika taɓa kai wa bakin ruwa.

Inna Zainabo, maƙwabciyarki da kuke zuwa masallaci tare, tana zaune a kan tabarma tana jan carbi. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ai wannan rabon Malam ne. Ta ce ta ajiye masa, in ya gama sa takalmi."

Inna, wannan ba adalci ba ne. Da kin faɗa mini ɓaro-ɓaro cewa nan ne kan girkin yake, da na bar baƙin a ganuwa na bi ki. Na faɗi haka a zuciyata, kuma kafin in rufe baki na tuna kin faɗa, ba sau ɗaya ba, ba sau hamsin ba.

Washegari na duba lokacin janyewar ruwa, na bar takalmi a gida. Kwana goma ina shiga laka. Ban san ganyen nan iri-iri ba ne a wurin tsinka: na kan tudu ya tsufa, na cikin rana ya yi ja ya yi ɗaci, wani kuma yana da kyau a ido amma yashi ne cikinsa. Ɓawon kawa, katantanwar nan ta teku, ya yanka mini tafin ƙafa a wuri huɗu. Mata masu tonon kawa suka yi ta dariya, suna kiran juna su zo su ga Malam ya faɗi jarrabawa. Daga baya wata a cikinsu ta tausaya, ta nuna mini da haɓa wajen da takan hango ki kina sunkuyo, can inda ruwan daɗi yake tsattsafowa ƙarƙashin itatuwan gaɓa. Ta ce kan ganyen kawai kike tsinka, ba kya taɓa tumɓuke saiwa. Sau biyar muna dafawa, sau huɗu muna ba kaji.

Ta biyar ɗin ranar Lahadin da ta wuce ce, jajibirin tafiyar Atija. Ta ci cokali ɗaya, ta ci na biyu, ta aje. 

"Ba miyar Inna ba ce," in ji ta.

Ancha ta sunkuyar da kai. Ni kuma na fara tattara kalmomin godiya da ban kwana. Sai na ga Atija ba fuskata take kallo ba, ƙafafuna take kallo, da laka a farce da tsumma ɗaure a dunduniya.

"Amma ta kama hanya. Zauna in wanke maka ciwon nan kafin ya ruɓe, Malam, kai da kake koya wa yara tsabta." Da ta gama ɗaurewa ta ciro makullin ƙofar gida daga bakin zaninta ta miƙa wa Ancha. Ta ce shekara ɗaya ta ba mu, za ta dawo ta sake ɗanɗanawa.

Allah ya jiƙan Inna Muanacha, ya gafarta mata, ya yalwata kabarinta, ya sa cikin da ta cika a ɓoye ya zame mata haske ranar da ba wani haske sai nasa. Ya yafe mata jiran da ta sa bayinsa, ya yafe mini gunagunin da na yi mata. Ina miƙa ta'aziyyata ga Atija da 'ya'yanta, da Inna Zainabo, da mutanen Makuti baki ɗaya, da duk ɗalibin da ya taɓa jin gishiri a gidan nan. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Ku kuma da kuka aiko da saƙo kuna tambaya ko za a ci gaba da girki, za a ci gaba. Asabar mai zuwa ruwa zai janye wajen ƙarfe goma na safe. Duk mai son cin miyar ya same ni a bakin gaɓa bayan masallaci, ya zo da kwando, ya tsinki nasa da hannunsa. Kada wanda ya tambaye ni ƙarfe nawa za a sauke tukunya.