Wadda za ta riƙe Nafisa a Paris

Ranar biyu ga Satumba 2021 na fara ganin Nafisa Bouba, sa'ad da mahaifinta ya kawo ta rajista a makarantar Katolika da nake aikin akawu a Lyon. Da ya ji Hausa a bakina, sai ya ce, "Malam Isufu, ga 'yarka."

Yarinya ce marar zama wuri ɗaya. Ko jira take a ofishina, ƙafarta na kaɗawa. Ita ce ta ɗaya a lissafi. Ta ci jarrabawar bak ta kammala sakandare da yabo, wata makarantar injiniyoyi a Paris ta ba ta gurbi. Amma Malam Bouba ya ce 'yarsa ba za ta kwana a garin da bai damƙa ta hannun wani babba ba. Lokacin karɓar gurbin yana ƙurewa. Kullum sai ta hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa shagonsa a unguwar Guillotière ta roƙe shi, ta dawo wurina.

"Baba Isufu, ko gidan kawuna na Sevran, kusa da Paris, bai yarda ba, wai matarsa ba ta iya tsawa ba."

Wata safiya Malam Bouba ya zo da ƙunshin goro, ya tambaye ni inda Sœur Bernadette ta koma, sistar cocin da ta koyar da lissafi a makarantarmu kafin ta yi ritaya.

"Paris," na ce.

"Wannan tsohuwa ko ni tsoronta nake. Ta isa."

Shi ya raka Nafisa a jirgin ƙasa, ya miƙa wa Sœur Bernadette goron da kansa. Yanzu tana shekara ta biyu a makarantar, kuma kowace Lahadi tana zuwa gaida Sœur Bernadette.