Jarumin da Ba Ya Sallama

Lokacin da shari'a ta kankama a Zamfara, ina da ɗan shagon gem a Ƙauran Namoda, kusa da tashar jirgin ƙasa. Talabijin ce da na'urar wasa da benci, sai janareto mai tari kamar tsoho. Shagon na kawuna ne, dillalin shanu a kasuwar Shinkafi, aro ya ba ni. Da aka fara rufe gidajen caca, wasu masu dogon baki suka kai masa tsegumi wai ni ma caca nake buɗewa. Ya aiko cewa zai zo ya gani da idonsa, in abin bai yi masa ba in kwashe kayana, akwai wani tela ɗan Zurmi da ke son wurin.

Na zaɓi wasan da ya fi kowanne tsabta. Wani jarumi ne zai kashe dodo mai aman wuta, ya ceci garinsu, a naɗa shi sarki. Fargabata kada kawu ya ce dodon tsafi ne. Ina! Da ya zo ya ga dodon sai ya gyaɗa kai, ya ce halittun Allah yawa gare su. Takobi mai magana ma bai dame shi ba. Har na fara murna.

Sai na tura jarumin cikin wani gida, ya fasa tukunya, ya ɗauki maganin ƙara ƙarfi, kamar yadda kowa ke yi.

"Tsaya," in ji kawu. "Gidan wa na wanga?"

"Na wata tsohuwa na, Kawu."

"Ya yi sallama?"

"Ba a sallama cikin wasan."

"Yah hwasa mata tukunya tana kallo, ba ta yi kuwwa ba? Kuma shi za a ba sarauta? Ƙarya ta!"

Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Na ce a labarin garin yana cikin bala'i, tsohon sarki ya yi wa jarumin izini ya ɗauki duk abin da yake bukata. Kawu ya ce wane sarki ke da iko da tukunyar tsohuwa? Na ce tun da ya yarda da dodo mai wuta a ciki, ai tukunya ba komai ba ce. Ya ce dodo bai taɓa ganinsa ba, ba zai yi masa shaida ba, amma mutane ya san su. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya haɗiye dodo sukutum, tukunya ta maƙale masa!

Daga ƙarshe ya gyara zama a bencin ya ce, "Sake shi tun hwari, ɗana. Kak ka shiga gidan kowa. In ya kashe dodon da abin hannunai, shago naka na."

Na sake. Na riƙa wuce ƙofofi a buɗe, ina hango tukwane cike da magani. Na isa kogon dodon da takobi kawai. Wallahi na yi iya yina, har na kusa gamawa da shi, sai dodon ya yi aman wuta sau ɗaya, jarumi ya faɗi warwas.

Kawu ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Ashe da kayan tsohuwa shika jarumta," in ji shi. Kafin Juma'a keken tela na ƙara a wurin talabijin ɗina.

Har yau ina nan kan bakana, wasa ne, kuma sarki ya ba da izini. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, duk ranar da na leƙa 'ya'yana suna irin wasan a waya, jarumi ya doshi ƙofar wani, sai in ji bakina ya yi sallama.