Goron Auren Amira

Ikilima mai goro a unguwar Kilomita Biyar ta Bangui aka haife ta, kuma tun tana ƙarama mahaifinta, Bamaraɗe, ya koya mata juyin goro: a kwance huhu, a tsince ruɓaɓɓe, a sake ganye, a yayyafa ruwa kaɗan. Da wannan ta ciyar da marayunta har suka girma. Mace ce mai faɗa, amma doka ɗaya ce ba ta wasa da ita: huhu ba ya taɓa ƙasa. Ƙasar Bangui da damina jiƙe take, fumfuna na kwance a cikinta tana jiran abin ci. Shi ya sa goronta kullum a kan benci yake.

Da auren autarta Amira ya matso, ta ware huhu guda na farin goro, wanda za a raba a Masallacin Koudoukou. Ruwa ya lalata hanya, motocin goro sun daina shigowa, ko a unguwar Miskine babu irinsa.

Sai ga ƙaninta Ɗan'azumi daga Maraɗi, ya zo biki. Aka sauke shi a ɗakin goro. Bawan Allah ya ga benci mai faɗi, ya sauke huhun ƙasa kamar yadda ake yi a garinsu, ya shimfiɗa tabarmarsa a sama, ya yi ta sharar barci har ranar Juma'ar ɗaurin auren.

Da safe Ikilima ta leƙa, warin fumfuna ya daki hancinta. Sai ga huhun a ƙasa.

"Ɗan'azumi, ka kashe ni! Wa ya ce ka sauke?"

"Yaya, ai a gida ma a ƙasa muke ajiyewa."

"Nan Maraɗi ce?"

Ta kifa huhun. Ganyen ƙasa ya yi baƙi, farar fumfuna ta lulluɓe shi kamar auduga. Ta ɓare ganye, ta ɓare wani. Goron da ke gindi ya tafi, sai zubarwa. Ta zura hannu can ciki, ta ɗauko ɗaya, ta ɓantara, ya ce ƙaras. Ta sake wani, haka.

Nan ta zauna dirshan, ta miƙe ƙafa, dariya da hawaye tare.

"Alhamdulillahi! Tashi, malam sarkin barci, ɗauko faranti. Yau kai za ka kai goron 'yarka masallaci, a ka."