Malama Ornella, Wadda Ta Koya Mana Juyawa

Kafin mai burodi ya buɗe shagonsa, Ornella Zanvettor ta riga ta isa filin jirgi a kan ɗan tsohon babur ɗinta. Ba ta fara shiga rumfar jirage. Takan tsaya a bakin ciyawa, hannu cikin aljihu, ta bi tsaunuka da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba shanunsa da safe. Wanda ya gaishe ta a wannan lokaci ya yi asarar gaisuwarsa. Sai ta ga inda gajimare ya kwana da inda hazo ya nufa, sannan ta juya ga Duilio bakanike ta ce, "Ka rage mini kofi, ko yau ma ka shanye?" Shi kuma ya ce, "Malama, da kin iya gaisuwa da na rage." Haka suke tun suna da baƙin gashi.

Fiye da shekara arba'in ta yi tana koya wa mutane sauka a filayenmu na kan tudu, nan Trentino ta ƙasar Italiya. Kowa ya san yadda suke: ɗan makiyaya mai gangara, dutse a gabansa, rami a bayansa. Ta ƙasa ake shigowa, a sauka ana hawa. Kowane fili yana da alamarsa, wani busasshen itace, wani ƙaton dutse, kuma da zarar ka wuce alamar nan babu sauran fasawa, domin kwarin ya yi ƙunci, ba wurin juyawa. Ko ka sauka daidai, ko a kwaso ka.

Jirginta mai kujera biyu ne, ɗalibi a gaba, ita a baya, kowa da sandar tuƙinsa. Ɗalibanta sun ce abin da ya fi tsorata su shi ne shirunta. Sai ta ɗora hannuwa a gwiwa ta bar ka da jirgi, kana zufa, tana kallon taga. Idan kun sauka ne bakinta ke buɗewa. "Wannan sauka ce ko faɗuwa? Kai, ko buhun dankali an fi ajiye shi a hankali." Amma kafin a kai alama, tambaya ɗaya take yi, ba ta taɓa sauya ta ba: "Za mu shiga ko za mu juya?" Ba a taɓa jin ta yi wa wanda ya juya faɗa ba, ko da sama na nan garau. Wanda kuwa ya kutsa alhali ya kamata ya juya, to ya shiga uku, sai ya yi mako yana jin muryarta a kunnensa.

Masu saran itace na kwarin Val Scura har yau suna ba da labarin ranar da gungume ya murƙushe ƙafar ɗayansu, ta sauka a wurin da ko akuya sai ta yi tunani, ta kai shi asibiti da ƙafarsa. Wannan labarin kowa na son sa. Akwai wani kuma da ba a cika faɗa ba. Wata shekara da kaka, wani dattijo ya kwanta rashin lafiya a rugar sama, 'ya'yansa suka zo da gudu, hazo kuwa ya toshe kwarin ruf. Ta ce ba za ta tashi ba. Suka roƙa, suka yi kuka, babbansu ya zage ta tas a gaban jama'a. Ta tsaya ta shanye, ta kwana cikin rumfa da takalminta a ƙafa, gari na wayewa ta ɗauko shi. Ya rayu, amma gidan nan sun yi shekaru ba sa amsa gaisuwarta. Ni dai na ce mutane ba su da kirki a wannan fanni: ana tafa wa wanda ya tafi ya dawo, ba mai tafa wa wanda ya ƙi tafiya.

Malama, ke ce kika ɗauki zagin nan kika ajiye ba ki rama ba. Ke ce uwar matuƙan tsauni, wadda ba ta taɓa raka gawar ɗalibinta makabarta ba. Sauran malamai nawa ne za su iya faɗin haka?

To, bara likita ya duba idanunta ya ce lasisinta ba zai wuce ƙarshen Satumba ba. Ba ta yi gardama ba, domin ta riga shi sani. Tun bazara ta daina sauka da kanta a filaye masu wuya. Abu guda ne ya tsaya mata a rai, shi ne Malga Corvana.

Can aka yaye ta. Rugar ubansu ce ta rani, inda suke hawa da shanu su yi cuku har sanyi ya koro su. Ita da yayanta Gelindo suka kwashe duwatsun makiyayar da hannunsu, rani bayan rani, har ta zama filin sauka. Gelindo ne ke yanke ciyawa, ya cike ramukan da namun daji suka tona, ya kori shanu idan ya ji ƙarar inji. Duk ƙarshen rani takan sauka, ya tuƙa tuwon masara a tukunyar tagulla, su ci da cuku a bakin ƙofa, su yi ta faɗa kan abubuwan da suka wuce tun suna yara. Yanzu Gelindo ya tsufa, ya ce wannan ne raninsa na ƙarshe, kuma ba wanda zai gaje shi. Fili ba mai kula kuwa, sanyi ɗaya ya ishe shi ya koma tarin duwatsu. Hanyar ƙafa tana nan, amma gwiwoyin Ornella sun daɗe da sallamar ta. Idan ba ta sauka a wannan karon ba, ita da Corvana sai a mafarki.

Ruwan sama ya cinye mata makonni. Aka wayi gari saura rana ɗaya tak: washegari Gelindo zai sauko da shanu, kuma masu hasashen yanayi sun ce dusar ƙanƙara na tafe. Ta kira Saverio Pallaoro, likitan dabbobi, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda ya koyi tuƙi a hannunta don ya riƙa kai wa garken sama ɗauki. Ta ce, "Ɗana, yau kai za ka kai ni gida."

Sai dai hazo ya ƙi tashi daga kwarin sai bayan rana ta take. Duilio ya dube ta ya ce, "Kin makara, Malama. Iska ta riga ta fara hawa." Ta ce, "Mu je dai mu gani. Gani ba ya kashe mutum."

Suka tashi. Saverio ya ce tun da ya san ta bai taɓa jin ta yi surutu a sama irin na ranar ba. Ga inda ta karye hannu tana yarinya, ga tafkin da ubansu ke hana su shiga. Da suka zagayo kafaɗar dutse sai ga Corvana, kore shar, ga rufin ruga, ga Gelindo tsaye ya cire hula yana kaɗawa. Ya hura wutar ɗanyar ciyawa kamar yadda ya saba, don su ga iska. Hayaƙin kuwa bai tashi sama ba. Ya kwanta a ƙasa yana gudu, yana hawa gangara. Ma'ana iska tana bayansu, da ƙarfinta, za ta tura su har jikin dutse.

Suka yi zagaye ɗaya, suka yi na biyu. Alamar Corvana, wani itace da tsawa ta tsaga, tana matsowa. Saverio yana jiran tambayar da ya saba ji, sai ya ji wata magana dabam.

"Za ta yiwu," in ji ta. "Na taɓa sauka a wadda ta fi wannan."

"Yaushe, Malama?"

"Kana makarantar firamare."

"Lokacin idanunki ne a gaba. Yau nawa ne."

"Ka rage gudu sosai, ka taɓa ƙasa tun daga bakin fili. Zan yi maka magana har mu tsaya. Saverio, don Allah. Ga shi can ya ɗora tukunya."

Saverio ya ce a nan ne ya ji sandar ta yi nauyi a hannunsa, ya gane ta kama tata ta baya. Ita ce shugabar jirgi. Da ta ce a sakar mata, dole ya saka, haka doka take. Ya ce, "Malama, idan kika karɓa zan saki. Amma idan ni ne, juyawa zan yi."

Itacen ya matso har yana ganin tsagar jikinsa. Sai ya ji sandar ta koma sakayau. Ya kwantar da fiffike, ya juya.

Suka bi ta saman ruga sau ɗaya, daga nesa. Gelindo ya fahimta. Ya mayar da hularsa, ya ɗaga hannu, ya tsaya a haka har dutse ya raba su. Ornella ta manna goshi a gilashi tana kuka, irin kukan da ba a ɓoyewa.

A rumfa Saverio ya so ya sauƙaƙa mata. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Na san gwada ni kika yi." Duilio ma ya yi maza ya ce, "Ai halinta ne, tsohuwar mayya." Da ta yi shiru, da maganar ta tafi a haka, da yanzu ana ba da ita cikin labaran dabarunta. Amma ta share fuska ta ce, "Ba gwaji ba ne. So nake in sauka, kuma da ka biye mini da mun sauka. Kada ka kuskura ka gaya wa kowa gwaji ne. Ka gaya musu yadda aka yi, domin su san cewa ni ma hakan ta same ni."

Abin da ya sa na rubuta shi ke nan yadda ya faru, da izininta.

Malama, mun gode. Mun gode da waɗanda kika ɗauko, mun gode da ranakun da kika ƙi tashi. Matan ɗalibanki da 'ya'yansu ba su san yawan abin da kika yi musu ba, tunda ba a ganin haɗarin da bai auku ba. Ku kuma masu koyar da sana'ar da kuskurenta rai ne, ko a sama ko a hanya ko a ruwa, ku dubi matar nan. Ku yi renon ɗalibin da zai iya ce muku a'a, kuma ranar da ya faɗa, ku ɗauke hannu.

Dusar ƙanƙara ta zo kamar yadda aka ce. Gelindo ya sauko da shanunsa, an yi musu ado da furanni, yanzu yana zaune a gidan 'yarsa a bakin kasuwa. An soke sunan Corvana daga filayen sauka. A bana Saverio ya bi ta samanta, ya dawo ya tarar da Ornella a bakin ciyawa tana jiran sa.

"Yaya ka gan ta?"

Ya ce, "Duwatsu sun gangaro, Malama. Sun rufe rabin filin."

Ta gyaɗa kai. "Rufin fa?"

"Yana nan."

"Ƙofar da muke zama fa? Har yanzu rana na kaiwa can da yamma?"

"Tana kaiwa."

Ta daɗe tana kallon wajen, duk da cewa daga nan ba a hango komai sai kafaɗar dutse. Sannan ta ce, "Idan za ka sake bi ta can ka faɗa mini. Ba sai ka ɗauke ni ba. Ina dai so in san lokacin da kake samanta."