Inda Kaka Ta Ajiye Nasiru

Kujerarsa na fara lura da ita. A wasan talabijin da muke kallo duk Juma'a a gidanmu na Galtimari, Nasiru ne ke zama kusa da taga, dogo mai lumshe ido kamar samarin littattafan da nake ɓoyewa ƙarƙashin katifa. Ran nan sai ga kujerar ba kowa. Uwarsa ta cikin wasan ta ce ya tafi karatu ƙasar waje, aka ci gaba da shan shayi, ba a ƙara ambatonsa ba.

A shekarar ce Baffa Adam, autan Kaka, ya tafi sayen shanu wajen Gamboru bai dawo ba. Ba gawa, ba saƙo.

Da aka daɗe ba wutar lantarki a gari, sai muka koma gindin murhun Kaka bayan magariba. Ta ce tunda masu talabijin sun yar da yaron mutane, ita za ta riƙe shi. Da Hausarta mai gargada irin ta Shuwa take ba mu labarinsa, tana juya butar shayi. Wai ba karatu ya tafi ba, wata farar saniya ce ta ɓace masa, ya bi sawunta har bakin tafki. Can ya tarar da mutanen da ba sa barin baƙo ya tafi sai ya koya musu tatsar nono. Kullum akwai abin da ke tsare shi: yau ruwa ya cika, gobe jakinsa ya yi ɗingishi. Amma kullum sai ya ci ya ƙoshi, wannan ba ta taɓa mantawa ba.

Wata rana na ce ta aura masa 'yar sarkin tafkin mana, ya huta. Ta ɗaga muciya ta nuna ni.

"Ke 'yar nema, wa zai ɗaura masa aure uwarsa ba ta wurin? Dawowa zai yi."

Babana ya tashi ya bar wurin. A lokacin na ɗauka hayaƙi ne ya dame shi.

Na girma kafin na gane cewa wanda ya tafi ba ya mutuwa a gida sai ranar da aka daina faɗin abin da ya ci.

Nasiru ya dawo cikin wasan, wani gajeren mutum aka kawo aka sa masa sunan. Baffa Adam kuwa sai bayan shekara tara, ya rame, haƙoransa na gaba babu. Kaka ta riga ta rikice da tsufa. Ta gaishe shi da ladabi, ta sa aka kawo wa baƙo ruwa. Har ta rasu shi yake ba ta kunu a baki, tana tambayarsa ko ya ga Adam a hanya.

"Na gan shi, Iya," yake cewa. "Yana nan tafe."