Jakuna Bakwai da Mangala a Naɗe

A gidanmu na Jibiya, da an idar da sallar magariba Kaka Dije takan hura wuta da ɓawon gyaɗa a tsakar gida, mu kewaye ta muna taya ta ɓara. Hanyar Maraɗi ta bayan katangarmu ta bi, kuma a shekarun nan motocin gyaɗa sun fara yawa. Kaka ba ta taɓa shiga mota ba, amma da kunne take rarrabe su: mai kaya nishi take yi, wadda ta sauke kuwa sai kwaramniya. In ta ji mai kwaramniya takan girgiza kai ta ce wannan mai take sha a banza.

Babanmu shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Ya gaji jakuna bakwai daga mahaifinsa, wanda madugu ne. Yakan sayi gyaɗa a Gangara da Farfaru ya kai Katsina ya sayar, ya dawo bisa jaki guda, sauran na biye da mangala a naɗe. 'Yan kasuwa sun sha roƙonsa ya ɗauko musu gishiri da kananzir su biya shi lada, shi kuwa ya ce ɗan madugu ba ya dakon kayan wani. Kafin damina biyu jakunan sun koma huɗu.

Akwai tatsuniyar da Kaka take yawan yi, har muka gaji da ita. Wai wasu fatake ne su biyu, wa da ƙane, suke kai kanwa kudu. Ƙanen in zai dawo ba ya raina kaya, ko goro ko tukwane, nasa ko na wani, sai ya ɗaura. Wan kuwa so yake ya shigo gari yana kaɗa ƙafa, a san ya sayar da komai. Wata rana babban jakinsa ya tsaya a bakin rafi ya ƙi motsi, ya ce yana da tambaya.

A nan Kaka takan ɗaga murya fiye da yadda kunnuwanmu ke bukata. "Jaki ya ce mai, 'Maigida, zuwa ka ba mu dusa, dawowa ka ba mu dusa. Zuwa gyaɗa ta biya. To dawowa wa ab biya?'"

Sai Uwale ƙanwata ta ce ai da kanwa aka ce suna ɗauka. Kaka ta ce duk ɗaya ne, ta ci gaba: kowace shekara farke ya sayar da jaki guda ya ciyar da saura, har ya rage daga shi sai sanda. Baba yana ƙofar ɗakinsa yana ɗinkin akumari. Bai taɓa ɗago kai ba.

Na girma na sami aikin akawu a ma'ajin kaya na jirgin ƙasa a Kano. Aikina in rubuta tafiyar kowane tarago gida biyu: mil nawa ya yi da kaya, mil nawa ya yi wofi. Shugabanmu gidan wofi yake fara dubawa, domin kwal ɗin da jirgi ke ci bai san ko akwai kaya a baya ba. A kan teburin nan na fahimci tambayar jaki, na kuma tuna cewa Kaka ba ta taɓa yin tatsuniyar nan ba sai Baba yana gida.

Lokacin an riga an sayar da jakin ƙarshe. Baba ya koma tashar motoci ta bakin iyaka, yana loda buhunan gyaɗar mutane a bayansa, har ƙarfinsa ya ƙare. Ban ga laifin kunya ba, da ita aka raine mu. Amma ina jin zafin abin har yau. Magana ce ta numfashi guda tsakanin uwa da ɗa, taku biyar ne tsakaninsu, sai da ta bi ta bakin jaki, shi kuma ya bar ta a matsayin hirar yara.